Yanda ake kafa jaridar intanet ta Hausa har ta riƙe mai ita

Duk mai waya da data a yau zai iya buɗe shafi ya raɗa masa suna wane Hausa TV ko wane Reporters, kuma kusan kullum sai an buɗe sabo, amma ka leƙa bayan wata huɗu zaka tarar labarin ƙarshe tun na kafin azumi ne. Ba wai masu karatu ne babu ba. Bahaushe akwai son labari, mutanen da suke da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 a Zariya, suke kwana da rediyo a kunne tun 1957 da BBC ta fara Hausa. Abunda yake kashe shafukan nan shine mai shafin bai taɓa zama ya amsa tambaya biyu ba, wa nake rubuta wa, kuma wa zai biya kuɗin datar. Toh wannan bayanin na wanda yake so abun ya zama sana'a ne, ba na mai neman laik ba.

Mataki na farko, zaɓi fage ɗaya ka tsaya a kai

Kar ka ce zaka kawo labaran duniya. BBC Hausa da DW da RFI da TRT Afrika da Aminiya da Legit Hausa duk suna wannan, suna da ma'aikata da albashi, kafin ka gama fassara labarin Gaza ko na fadar shugaban ƙasa sun saka shi tun awa biyu da suka wuce. Inda zaka ci su shine inda ba sa zuwa.

Ka duba waɗanda suka yi nasara a harkar nan a Najeriya zaka ga kusan kowa da abun da ya riga ya sani ya shigo. Ahmad Salkida ya yi shekaru yana bibiyar rikicin Boko Haram kafin ya kafa HumAngle a 2020, kuma jaridar ta tsaya ne kan rikici da halin da waɗanda rikici ya shafa suke ciki. Simon Kolawole sai da ya yi editan ThisDay kafin ya buɗe TheCable a 2014. Su Dapo Olorunyomi daga jaridar NEXT suka fito suka kafa Premium Times a 2011 da niyyar binciken ƙwaƙwaf. WikkiTimes a Bauchi ta zauna tana bin ƙananan hukumomi da ayyukan mazaɓu da manyan jaridu ba sa waiwaya. Babu wanda ya tashi da safe kawai ya ce bari na zama mai jarida.

Kai kuma me ka sani wanda wasu basu sani ba? In kai ɗan kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ne, farashin hatsi kaɗai ya isa ya zama jarida. A ce duk safiya ƙarfe tara kana zagayawa layin masara da na waken suya da na riɗi, ka tambayi dillalai uku uku kar ka tsaya a kan ɗaya domin kowa da irin farashin da yake so a ji, ka rubuta na buhu da na kwano, ka faɗi ko sabuwa ce ko tsohuwa, ka ƙara da mota nawa ka ga ana lodi da inda suka nufa, sannan ka saka kafin sha ɗaya. Manomi a Funtuwa yana buƙatar wannan, mai gidan kaji a Kaduna yana buƙata, ɗan kasuwa a Maraɗi ma haka, kuma gobe ma zasu dawo domin farashin jiya ba ya amfani yau. Haka kasuwar dabbobi, Wudil ran Juma'a Maigatari ran Alhamis. Ko zaman kotuna, ko harkar ɗalibai da neman gurbin karatu da tallafi, ko ƙwallon cikin gida irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi, ko lafiyar mata da yara in ke ma'aikaciyar jinya ce. Gwajin shine ka ɗauki biro ka rubuta kanun labari talatin da zaka iya yi a fagen ba tare da ka kwafo na kowa ba. In ka maƙale a na takwas, wannan fagen ba naka bane, sake wani.

Mataki na biyu, suna da rajista da gidan kanka

Suna gajere wanda za a iya faɗa a waya a rubuta ba tare da an ce maimaita ba. Kafin ka ƙaunaci sunan ka duba ko akwai shi a Facebook da YouTube da TikTok da X, ka duba ko wani bai riga ya ɗauki domen ɗinsa ba, wato adireshin shafin a intanet. Kuma don Allah a daina ɗora suna a kan na manyan kafafe ana ƙara harafi ɗaya, ranar da suka kai ƙara shafin zai tafi da duk wahalarka.

Daga nan sai CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar sunan kasuwanci ta isa a farko, ta intanet ake yi, daga baya in abu ya girma ka mayar da shi kamfani. Amfaninta shine da ita zaka buɗe asusun banki da sunan jaridar ka samu lambar haraji, kuma babu kamfani ko ƙungiyar da zata tura kuɗin talla cikin asusunka na kanka mai sunan kakanka.

Sai shafin intanet, nan ne mutane suke gardama, wai tunda kowa yana Facebook meye na kashe kuɗi. Facebook gidan haya ne, duk fentin da ka yi masa mai gida zai iya cewa ka tashi gobe. Linda Ikeji, mai shafin labarai da ta fara tun 2006, ta wayi gari a watan Oktoban 2014 Google ya sauke shafinta da yake kan dandalinsa saboda ƙorafin haƙƙin mallaka, an dawo mata da shi bayan 'yan kwanaki amma ita Linda ce, kai wa zai saurare ka? A farkon 2018 Facebook ya canza tsari ya rage nuna labaran jaridu, masu shafuka a duniya suka ga masu karatu sun zube ba tare da sun yi laifin komai ba. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, wato X a yanzu, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka ka sayi domen, na .com.ng ya fi araha kuma da naira ake biya, ka kama hostin ƙarami, wato wurin ajiye shafin a intanet, a wajen kamfanin cikin gida, ka ɗora WordPress, manhajar gina shafi. Abun lura shine ka yi komai da imel ɗinka da lambarka, ba na yaron da ya haɗa maka shafin ba, domin an sha ganin an ɓata da mai haɗawa ya tafi da mabuɗin gaba ɗaya. Hostin na waje kuwa da dala ne, kuma duk wanda ya ga yanda naira ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 kan dala ɗaya bayan an sake ta a kasuwa a Yunin 2023 ya san abun da nake nufi.

Shafin ya zama mara nauyi. Mai karatunka yana kan ƙaramar Itel ko Tecno da netwok mai zuwa yana ɗaukewa, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, in hoto ɗaya ya ƙi buɗewa ya tafi. Ka rage girman hotuna kafin ka ɗora, ka bar kayan ƙyale-ƙyale masu yawo a allo.

Kayan aiki ba sai an daɗe a kai ba. Waya mai kyamara mai kyau, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, fawabank, abun kafa waya, Canva na hoto, CapCut na bidiyo, allon rubutu na Gboard da aka sa wa Hausa saboda ƙ da ɗ da ɓ. Laftof in hali ya yi. Ofis kuwa bar shi tukuna, kuɗin hayar shekara gara ya tafi a mota da data.

Mataki na uku, aikin kansa

Anan ake rabuwa. Yawancin shafukanmu kwafa da liƙawa ne, a ɗauko na Daily Trust a jefa cikin manhajar fassara a saka ko karantawa ba a yi ba, shi yasa zaka ga Hausar da ko mai ita bazai gane ba. Wannan ba ya gina komai, kuma Google ma ba ya ɗaga shafin da kayansa na wasu ne. In zaka ɗauko labarin wani ka faɗi sunan jaridar, ka rubuta da bakinka, sannan ka ƙara wani abu naka ko da kiran waya ɗaya ne.

Ka sa wa kanka doka tun ranar farko, ba ka saka labari sai ka ji daga wuri biyu da basu haɗa baki ba. An turo maka murya a WhatsApp wai an kai hari ƙauye kaza an kashe mutum ashirin, hannunka yana ƙaiƙayi domin ka san zai tafi, toh tsaya. Kira wani a garin, mai unguwa ko malamin makaranta ko direban da yake bin hanyar, kira kakakin 'yan sanda na jihar, in bai ɗauka ba ka tura saƙo ka ajiye shaidar ka tura, ka rubuta a labarin cewa an neme shi ba a samu ba. Hoton da aka haɗo da shi ka saka a Google Lens mai nemo asalin hoto, sau da yawa zaka tarar na wata ƙasa ne ko na shekara biyar baya. Kafar Dubawa, wadda aka kafa a 2018 don tantance labarai, tana da irin waɗannan misalan birjik, ka rinƙa karanta yanda suke bi. Wanda ya riga ka sakawa da minti goma ya ci laik, amma ranar da labari ya rikice mutane shafin da bai taɓa yi musu ƙarya ba suke nema, kuma wannan shine kayan da zaka sayar wa mai talla nan gaba.

In ka yi kuskure ka gyara a fili ka rubuta an gyara, kar ka goge ka yi shiru, akwai wanda ya riga ya ɗauki sikirinshot.

Yawan labari kuwa, uku masu kyau kullum a lokaci sananne sun fi ashirin yau gobe babu. Kanun labari ya faɗi abun da ya faru. Irin su innalillahi kalli abunda ya faru da wata jaruma suna kawo dannawa sati ɗaya biyu, daga nan mutane su gane ka. Kuma ka tuna da yawa cikin mutanenmu sun fi son ji da gani a kan karatu, saboda haka duk babban labari ka yi masa murya ta minti ɗaya ko gajeren bidiyo mai rubutu a ƙasa, shine wanda zai shiga guruf ɗin 'yan uwa da na 'yan kasuwa.

Mataki na huɗu, tara mutanenka a inda kai ne da su

Facebook da TikTok wajen farauto mutane ne, amma duk wanda ka samo ka ja shi zuwa inda zaka iya kai masa saƙo kai tsaye. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 ta dace da mu sosai, ka haɗa da Telegram, in masu karatunka 'yan boko ne ko 'yan ƙasar waje ka ƙara da wasiƙar imel ta mako. Ƙarshen kowane labari da kowane bidiyo ka sa hanyar shiga. Mutum dubu biyu da suke buɗe saƙonka kullum sun fi mabiya dubu ɗari da aka saya, kuma kar ka sayi mabiya, lambar zata yi kyau amma fostin ɗinka zai rinƙa mutuwa domin waɗanda aka sayo ba sa taɓa komai. Lambobin mutanen da ka tara kuma amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ba a sayar wa ɗan siyasa lokacin zaɓe.

Duk sati ka zauna da alƙaluman masu karatunka, na Google Analytics da Search Console da na cikin Facebook. Wane labari aka karanta har ƙarshe, daga wane gari, ƙarfe nawa. Zaka iya tarar da Yamai ko Jidda ko Kumasi suna cikin garuruwan da suka fi karanta ka, kaga wannan zai canza irin labarin da zaka nema da irin mai tallan da zaka tunkara.

Mataki na biyar, kuɗi

Kowa da AdSense yake mafarki, wato tsarin Google na saka talla a shafi ana biyan mai shi, toh ka sani Hausa ta daɗe ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ya amince da su, ka duba jerin da kanka kafin ka nema, shi yasa zaka ga shafukan Hausa suna haɗawa da sashen Turanci ko suna komawa wasu kamfanonin talla masu cika shafi da hotunan da bazaka so mahaifiyarka ta gani ba. Ko an karɓe ka, ba a biya sai ka tara dala 100, sai sun aiko maka da lambar sirri ta gidan waya ka tabbatar da adireshi, kuma abun da ake biya kan mai karatu daga Najeriya ko Nijar kaɗan ne in aka kwatanta da na Amurka ko Ingila. Kuma kar ka kuskura ka danna tallan da kanka ko ka sa abokai su danna, rufe asusun ake yi. YouTube yana son mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu kafin ya fara raba kuɗin talla da kai. Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗi a 2024, amma bidiyon wani ko kiɗan wani guda ɗaya zai iya sa a cire ka. Duk ka nema, amma ka ɗauke su a matsayin ƙari.

Kuɗin da zai riƙe ka yana garinku. Mai makarantar kuɗi da yake neman ɗalibai, mai sayar da sola, mai taki da maganin feshi, kamfanin aikin Hajji da Umara, mai atamfa a Kantin Kwari, mai waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ka buga takarda ɗaya tak mai sunan jarida da lambar rajista da yawan masu karatu na gaskiya da garuruwansu da farashin talla na sati da na wata. Ka je da kanka ba ta waya ba, kuma ba lokacin da shago ya cika ba. Bayan gaisuwa kar ka fara da Alhaji a taimaka, ba bara ka zo ba. Ka buɗe wayarka ka nuna masa, ranka ya daɗe ga mutanen da suke karanta farashin hatsi a wajena kullum, yawancinsu manoma ne kuma damina ta kusa, a bani sati ɗaya na saka takinka da lambar yaron shago, duk wanda ya kira a tambaye shi ina ya gani. Zai ce maka toh Malam bari mu gani, ka bari ya gani ɗin. In waya ta yi ƙara sau biyar a satin, shi zai neme ka, a nan ne zaka yi maganar wata uku a biya gaba. Rasit kake bayarwa, kuma duk abun da aka biya ka rubuta talla a kansa ƙarara. Tallan maganin da yake warkar da cuta arba'in da na zuba dubu goma ka kwashi dubu hamsin, bar su komai kuɗin, akwai hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON da ta magunguna NAFDAC, kuma ko basu zo ba mai karatun da aka damfara sunanka zai riƙe.

Sauran hanyoyi, ɗaukar bidiyon taro da yaɗa shi kai tsaye, fassara wa ƙungiyoyi, koyar da matasa aikin, da tallafin bincike. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa kafafe da dama a Najeriya, cibiyoyin aikin jarida irin su CJID da ICIR da cibiyar Wole Soyinka suna bada horo da ƙaramin tallafi na labarin bincike, amma aikin da ka riga ka yi suke dubawa, saboda haka ka ajiye labaranka biyar mafi kyau a wuri ɗaya.

Sai 'yan siyasa, wanda gaskiya shine kuɗi mafi sauƙi a Arewa kuma shine mafi tsada. Ranar da ka karɓi na wata-wata daga hannun mai taimaka wa wane, ka zama ɗan data mai rajistar CAC, mutane kuma suna ganewa da wuri fiye da yanda kake zato. In suna son talla su biya farashin da yake a takarda kamar kowa, a rubuta talla, abokin hamayyarsu ma in ya zo gobe a saka nasa.

Mataki na shida, kare kai

Wannan sana'ar tana kai mutum ofishin 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da shi, an yi masa gyara a 2024 amma kamen bai tsaya ba, kuma a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai. Jaafar Jaafar ya kafa Daily Nigerian a 2016, a Oktoban 2018 ya saki bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin Abdullahi Ganduje da karɓar daloli, gwamnan ya musanta ya kai ƙara kotu, shi kuma Jaafar a 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila saboda barazanar da ya ce ana yi wa rayuwarsa. Bidiyon ya sa kowa ya san jaridar, amma ka ga abun da ya biyo baya.

Saboda haka kafin ka taɓa babban mutum ka tabbatar takardunka suna hannu kuma akwai kwafi a wani wuri da ba wayarka ba, ka nemi jin ta bakinsa a rubuce, ka yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ka rubuta wa ma'aikata wasiƙa ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Ka san lauya ɗaya da zai ɗauki wayarka ko da dare ne, ka shiga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ta jiharku, in an gayyace ka ofishin 'yan sanda kar ka je kai kaɗai kuma wani a gida ya san inda ka tafi. Duk asusunka ka kunna musu tabbatarwa mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri, domin saƙon nan na wai Facebook zai rufe shafinka danna nan, da shi aka fi sace shafuka.

In kuɗi ya fara shigowa

Kar ka bar aikinka na albashi ko shagonka sai jaridar ta yi wata shida a jere tana biyan kuɗin kanta da ɗan abun da zaka kai gida. Ka raba aljihunka da asusun jarida, ka yanka wa kanka albashi ko ƙanƙani ne, ka rubuta duk abun da ya shiga da wanda ya fita ko a littafin 'yan makaranta ne. Mutum na farko da zaka ɗauka ba wani mai rubutu bane kamarka, mai nemo talla ne a kan kaso, domin kai bazaka iya zama a kotu da safe kana bin Alhaji bashi da rana ba. Na biyu mai duba rubutu kafin ya fita. Wakilai a wasu garuruwa kuwa ka biya su kan kowane labari, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, kar ka basu katin shaida kawai ka ce su nema da shi, domin da sunan jaridarka zasu je suna karɓar ambulan. In kuma da aboki kuka fara, ku rubuta kason kowa da wanda yake riƙe da domen da asusun banki tun yanzu da babu ko sisi a ciki.